Ƙafar Hagun Myron

Ƙwallon ta taso daga tsakiyar fili da ƙarfinta, ta nufo mutumin da ke duƙe yana zuba farar ƙasa a kan layi. Ko ɗago kai bai yi ba. Gwangwani na hannunsa, ya miƙa ƙafar hagu kawai, ƙwallon ta zo ta kwanta a kanta lamo, kamar kyanwar da ta ga mai ita. Sai a lokacin ya tuna inda yake. Ya yi wuf ya shure ta da ƙafar dama, shuri irin na wanda bai taɓa ganin ƙwallo ba, ta gangara cikin kabejin da muka shuka a bayan raga. Samarin da ke atisaye suka bushe da dariya. Pan Dutka, kocin ƙungiyar sansaninmu, bai yi dariya ba.

Ni ina bakin tagar kicin ina ferayar dankali, na ga komai. Na tsayar da wuƙar cak, domin mutumin nan ni na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na rantse cewa ɗan wana ne.

Shekara ta biyu ke nan da gama yaƙin duniya na biyu. Muna jibge a wani tsohon barikin soja a kudancin Jamus, Amurkawa na riƙe da mu, suna ciyar da mu da garin ƙwai da waken gwangwani. Dukkanmu 'yan Yukren ne, amma a wurin hukuma kashi biyu ne. Mu mutanen yamma, 'yan Galisiya, da muke ƙarƙashin Polan kafin yaƙi, ba mai ikon mayar da mu gida dole. Mutanen gabas kuwa, Mosko ta ce nata ne, a miƙo mata kayanta, musamman waɗanda suka yi mata soja aka kama su da rai. Mun ga yadda ake loda su a mota. Ba zan ba da wannan labarin ba, ba na iyawa.

Saboda haka muka shiga rabon dangi. Kowane gida na mutanen yamma ya ɗauki mutumin gabas ɗaya ko biyu, ya ba shi suna, ya ba shi ƙauye, ya koya masa sunan rafi da sunan fadan coci da wanda ke da injin niƙa. Ni, Orysia, ba miji ba ɗa, aka kawo mini wannan dogon mai shiru-shiru, wanda sanyi ya cinye wa yatsu biyu a hannun dama. Na ba shi sunan ɗan wana da zazzaɓi ya kashe mana a hanya, Myron Savchak. Daga ranar yake kirana Gwaggo. Sunansa na gaskiya ban tambaya ba, kuma ba a tambaya. Abin da ba ka sani ba, ko an matse ka ba zai fito ba.

Sai dai ɗalibi ne na takaici. Kwanyarsa kamar rariya. In koya masa da safe cewa cocin ƙauyenmu na katako ne, da yamma ya ce mini na dutse ne. In ce masa, kai ɗan nan, so kake a rataye mu tare? Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki gatari ya faskare mini itacen mako guda.

Ban gama dankalin ba Pan Dutka ya shigo kicin, yana goge tabarau da gefen rigarsa. Pan da Pani a yarenmu kamar Malam da Malama ne. Malamin motsa jiki ne a makaranta kafin yaƙi, kuma har yanzu kowa ɗan aji ɗaya ne a wurinsa.

“Pani Orysia, ƙauyen nan naku akwai filin ƙwallo?”

“Akwai makiyayar awaki.”

“To akuyar da ta koya wa ɗanki tarar ƙwallo, a kawo mini ita in sa ta a gaba. 'Yan wasana ba su kai ta ba.”

Na ce masa dace ne, ko jaki aka jefa da ƙwallo wata rana sai ya tare. Ya mayar da tabarau ya dube ni ta samansa. Ya ce shi bai damu da mutum ya ɓoye ƙauyensa ba, kowa a nan ya ɓoye wani abu. Amma mutumin da ke ɓoye abin da ya kamata ya yi alfahari da shi, wannan yana son ya san dalilinsa. Ya ɗauki ɗanyen karas a tebur ya fita yana ci, ko izini babu.

Kada ku ga laifinsa. A lokacin nan kowa a tsorace yake da kowa. Kafin Kirsimeti an zo an ɗauki mutum biyu daga ɗaki na bakwai, kai tsaye aka nufi gadajensu, ba a ko yi laluben ƙofa ba. Wani ne ya nuna su, kuma wanin nan yana bin layin miya tare da mu. Shagon askin Zenko shi ne kotu. Duk wanda ya tashi daga kujera ya fita, kafin a share gashinsa an fara shari'arsa.

Da la'asar na tare Myron a bayan rumfar itace. Ban yi masa da sauƙi ba. Na ce ni na rantse a kan manomi, ba a kan abin da na gani ɗazu ba, ya faɗa mini abin da na ɗauko wa kaina. Ya jingine gatarin. Sannan ya ce kafin yaƙi yana buga wa babbar ƙungiyar birnin Kharkiv da ke can gabas wasa. Ya ce filin kan cika har mutane su hau bishiya, hotonsa ya sha fitowa a jarida, yara kan bi shi har ƙofar gida. Yunwa ta canza masa fuska, gashinsa ya zube, ba ya jin wani zai gane shi a hanya. Amma ƙafar hagun nan, duk wanda ya taɓa sayen tikiti a birnin ya san ta. Ya buɗe baki zai faɗi sunan da ake kiransa da shi, na toshe kunnuwana.

“Ba na so. Riƙe abinka. Kuma daga yau ƙafar nan ta tafiya ce kawai, ka ji ni?”

“Na ji, Gwaggo. Ita ce ba ta ji.”

Dalilin tsorona yana da suna: Kyaftin Tereshko. Jami'in Mosko ne da Amurkawa kan kawo a motar jif lokaci-lokaci, ya zauna a zauren taro da hotunan gonakin alkama, yana jiran wanda zai ce yana son komawa gida. Ba mai kusantar teburinsa. Mata kan tofar da yawu in ya wuce, yara su jefi motar da laka. Yarenmu yake yi, da karin mutanen gabas. In ya gaji da zaman banza sai ya sa a kai masa kujera bakin fili, ya zauna shi kaɗai, sojan Amurka na tsaye a bayansa. Na lura da yadda yake kallon wasa. Ba ƙwallo yake bi da ido ba, inda za ta je yake kallo. Wannan ya san abin.

Cikin bazara labari biyu suka iso a mako guda. Na farko, za a sake tantance kowa, kuma wannan karon ɗaki daban-daban za a sa mutum da danginsa, a yi musu tambaya iri ɗaya a gwada amsa. Na biyu, mutanen Beljiyam sun zo ɗibar ma'aikatan haƙar kwal, kuma wanda suka ɗauka zai bar Jamus kafin tantancewar. Mutanen gabas ɗinmu suka yi cincirindo a layin likita. Myron ya shiga ya fito da rigarsa a hannu. Likitan ya duba ƙirji ya yaba, ya duba haƙora ya yaba, da ya zo kan hannu sai ya ce mai yatsu uku ba ya riƙe diga.

Amma shugaban tawagar, wani ƙato mai lofe, ashe yana cikin masu riƙe da ƙungiyar ƙwallon garin da mahaƙar take. Ya ce wa tafinta ya ji ana buga wasa a sansanin nan. In ya ga ɗan wasa na ƙwarai zai tafi da shi ko da ba hannu ko ɗaya. Ranar Lahadi kuwa muna da wasa da sansanin 'yan Latbiya.

Myron ya zo ya same ni ina kwashe miyar borsh, ya ce zai nemi Pan Dutka ya sa shi. Na aje ludayi na ce ina raye ba zai yi ba. Na tuna masa kujerar nan ta bakin fili. Ya ce Kyaftin ba ya zuwa ranar Lahadi, kuma da dama kawai zai buga, daidai yadda mai lofe zai gani, ba yadda za a gane shi ba. Na ce ban yarda ba. Sai ya ja benci ya zauna ya ce to in yi masa tambayoyin tantancewa, yanzu.

Na tambaye shi sunan fadan ƙauyenmu. Ya faɗi na mai injin niƙa. Na tambaye shi rafin yana gabas da coci ko yamma. Ya ce gabas. Babu rafi kusa da coci ko ta ina, ni na ɗana masa tarko, ya faɗa har wuya.

“Kin gani? In suka raba mu ɗaki, ni na tafi. Ke kuma su kore ki daga sansanin saboda rantsuwar ƙarya. Ina za ki, Gwaggo?”

Haushi ya sa na zuba masa miya har ta zube a tebur.

Pan Dutka ya karɓe shi, ya miƙa masa riga da takalmin da ya yi masa kaɗan. Zargi daban, son cin wasa daban. Latbiyawan nan sun ci mu sau biyu, kuma abin na cin sa. Ya sa shi a gefen dama. Daga baya na ji ya ce wa Zenko, bari a sake shi a fili, a can ne mutum ba ya iya ƙarya.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci sansani ya koma bakin fili. Tsofaffi a kan benci, yara a kan rufin rumfar itace, masu sayar da sigari na zagayawa. Aka ajiye wa mai lofe kujera a inuwa kusa da Manjon Amurkawa. Ana shirin busa usur sai muka ji ƙarar jif. Kyaftin Tereshko ya sauko, aka kai masa kujerarsa can gefe, kusa da kusurwar fili. Nan take ƙus-ƙus ya tashi: wa ya gaya masa? Bai taɓa zuwa ranar Lahadi ba, wa ya kira shi? Mutane suka fara kallon na kusa da su ta wutsiyar ido.

Myron ya gan shi. Ya duƙa ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmi.

Rabin farko abin kunya ne. Ƙwallo ta zo masa ta hagu, sai ya juya jiki kamar mai ciwon ƙugu don ya tare ta da dama, kafin nan wani jibgegen Balatbiye ya ɗauke. Ya buga ta tafi cikin kabeji. Aka fara yi masa ihu. Wani ya ce a mayar da shi kan gwangwaninsa, wani ya ce Gwaggonsa ta zo ta karɓe shi, ta fi shi gudu. Na juya na ce wa mai maganar in ya ƙara, gobe ruwan miya zalla zai sha. Latbiyawa suka jefa mana ɗaya. Mai lofe ya yi hamma har ana hango dasashinsa. Kyaftin kuwa ya harɗe ƙafa yana kallon wasan da fuskar da ba ta nuna komai.

A hutun rabin lokaci na kai musu ruwa. Pan Dutka yana tsaye a kan Myron yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta shi ne, wa kake yi wa wasan kwaikwayo, ni ko wancan? Myron ya sha ruwa ya miƙo mini kofin.

Aka dawo, ba abin da ya canza. Lokaci na tafiya. Can na ga mai lofe ya duba agogo, ya yafito direbansa ya ce masa wani abu, direban ya nufi mota. Shi kuma ya miƙe ya fara sa maɓallan kwat, yana yi wa Manjo sallama. Daidai nan golan Latbiyawa ya ture wata ƙwallo waje, aka ba mu bugun kusurwa ta ɓangaren dama.

Myron ya je ya ɗauko ƙwallon da kansa. Kusurwar nan ba ta fi tsawon tebur daga kujerar Kyaftin ba. Ya ajiye ta, ya ja da baya ta inda mai bugu da dama ke tsayawa. Ya dubi mai lofe, wanda ya kai maɓallin ƙarshe. Ya dubi wajen da nake. Na girgiza masa kai, Allah ya sani na girgiza. Sai ya taka a hankali ya koma ɗaya gefen ƙwallon.

Ni ban san ƙwallo ba, amma na ga abin da kowa ya gani. Ta tashi sama ta yi waje, can nesa da raga, ta wuce kan kowa, kamar ya ɓarar da ita. 'Yan wasanmu har sun fara juyawa. Pan Dutka ya yi tsaki. A cikin filin nan kaf mutum ɗaya ne ya motsa. Kyaftin Tereshko ya miƙe zumbur, kujerarsa ta faɗi, hula a hannu, baki a buɗe, idonsa a kan can saman raga ta ɗaya gefen, inda babu komai tukuna. Sai ƙwallon ta lanƙwaso, kamar an kira ta, ta je ta shiga daidai inda yake kallo.

Ihu ya tashi, yara suka yi ta dirowa daga rufi. Amma ihun bai daɗe ba. Ya fara mutuwa daga kusurwar nan, ya bi layi ya zagaye fili, domin mutane sun ga Kyaftin a tsaye, kuma waɗanda ba su gani ba an raɗa musu lokacin da ya tsaya. Sojan da ke bayansa ya ɗaga masa kujerar. Ya zauna a hankali, ya sa hularsa.

Myron ya san ta ƙare. Kuma da ya san ta ƙare, sai ya saki jiki. Abin da ya rage na wasan nan ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zan ƙara gani ba. Mutumin da na sani da tafiya a raɓe kamar mai jiran mari, ga shi ya miƙe, ƙwallo na manne da ƙafarsa. Ya yanke jibgegen nan ya bar shi zaune a ƙasa yana dube-dube. Ya ba wani yaronmu ƙwallo a gaban raga, yadda ko ni zan iya ci. Ya ƙara ɗaya da kansa daga nesa. Har dariya na ga yana yi, ni da ban san yana da haƙora ba. Mai lofe ya kwance maɓallansa ya koma ya zauna. Ni kuwa ina tsaye da bokiti ina kuka, rabi daɗi, rabi kukan mutuwa.

Ana busa tashi, Manjo ya aika a tsayar da Myron. Shi ma yana da ido. Ya taho da tafinta da soja biyu, ya sa aka kira Kyaftin. Mutane suka yi da'ira, ba mai ko tari. Na kutsa na tsaya kusa da yarona, bokitin na hannuna, ban ma san ina riƙe da shi ba.

Manjo ya yi magana, tafinta ya juya: Kyaftin ya san mutumin nan ne? In ɗan ƙasarsu ne, ya faɗa yanzu a bi doka.

Kyaftin ya matso. Ya dubi Myron daga sanƙonsa har takalminsa, ya daɗe a kan takalmin. Myron na haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa, idonsa a ƙasa.

“A'a,” in ji Kyaftin. “Ban san shi ba. Ya tuna mini da wani ne a garinmu. Wancan ya mutu a yaƙi.”

Tafinta ya juya. Manjo ya tambaya ko ya tabbata. Kyaftin ya gyara zaman hularsa.

“Na tabbata. Wancan ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wannan ya yi nauyi, ba ya komawa baya ya taimaki 'yan'uwansa.”

Ya juya ya nufi jif ɗinsa. Na dubi Myron, kunnuwansa sun yi jajir, kuma na rantse ba tsoro ba ne, zafin maganar ne. Ga mutum an ceto shi daga bakin kabari yana jin haushin an ce ya yi nauyi! Kafin in mintsine shi mai lofe ya iso ya rungume shi yana ta zuba Faransanci.

Murnata ba ta kai lokacin cin abincin yamma ba. Ina raba burodi na ji layin ya yi shiru yadda ban saba ji ba. Matar Pan Dutka ta karɓi nata ba ta ce mini sannu ba. Kafin a wanke tukwane maganar Zenko ta shiga kowane ɗaki, kuma magana ce da ba ta da wuyar ɗauka. Kyaftin ya miƙe kafin ƙwallo ta lanƙwasa, kowa ya gani. Ke nan ya san ƙafar, ya san mai ita. Ya san shi, aka tambaye shi a gaban jama'a, ya ce bai san shi ba. To yaushe Mosko ta fara kyauta?

Daga nan komai ya sami wurin zama. Aka tuna Myron shi kaɗai ya zo sansanin, ba wanda ya san daga ina. Aka tuna itacen da yake kaiwa ɗaki-ɗaki, har da ɗaki na bakwai. Aka ce shi ya kira Kyaftin ranar Lahadi, wasan duk shiri ne, don a cusa shi cikin ayarin Beljiyam, wanda rabinsa mutanen gabas ne masu sunan aro. Wa ya fi shi dacewa da ya sa musu ido a can? Shirunsa ya zama hujja, yatsunsa ma wani ya ce da gangan aka yanke. Da ya je mayar da riga, Pan Dutka ya karɓa da yatsa biyu, ya ƙi ba shi hannu. An ci Latbiyawa uku da ɗaya, ba wanda ya sha ko kofi ɗaya na murna.

Dattawan kwamiti suka same ni a kicin. Na ce musu ɗan wana ne. Suka ce Pani Orysia, mu za ki yi wa wannan? Mu muka kawo miki shi. Na ce to in kun san haka, kun san abin da ya sa ya ɓoye ƙafarsa. Suka ce wannan sun gane. Abin da ba su gane ba shi ne abin da ya sa wancan ya taya shi ɓoyewa. Na kore su da tsintsiya, amma tambayarsu ba ta fita tare da su ba. Na yi ta juya ta ina ferayar dankali. Mutum mai kaki irin wancan, wanda ya loda mata da tsofaffi a mota bai ƙifta ido ba, zai sa wuyansa a igiya saboda bugun kusurwa? Wani lokaci in ce zai iya, na ga bakinsa a buɗe kamar na yaro. Wani lokaci in ce Orysia, ke ma da shekarunki.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Myron ya tafi Beljiyam, amma bai taɓa shiga ramin kwal ba. Ya buga wa ƙungiyar garin nan wasa har gwiwa ta ce ta gaji, ya hau da su rukuni na sama, ya koma horar da yaransu. 'Yan Beljiyam sun so shi kamar su haɗiye, akwai gidan shan giyar da aka sa wa sunansa. Namu kuwa da suka tafi tare da shi, waɗanda ke fitowa daga rami baƙi ƙirin, ba su taɓa sayen tikitin kallonsa ba. In ya shiga cocinmu a can, bencin da ya zauna nasa ne shi kaɗai. Ba a taɓa kama shi da komai ba. Ba a kuma taɓa wanke shi ba, domin mutum ɗaya ne zai iya, shi kuwa Kyaftin tun makon nan aka mayar da shi gida, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ranar tafiyar ita ta tsaya mini. Da safe ne, ana yayyafi. Al'adarmu in ayari zai tashi, sansani duka ya fito bakin ƙofa, fada ya yayyafa wa matafiya ruwan albarka, kowa ya rungumi kowa, a yi waƙa. An yi duk wannan. Sai dai rungumar ta bi layi, in ta zo kan Myron ta tsallake. Motar ta cika maƙil, maza a matse, wasu a kan akwatunansu, amma dama da hagunsa akwai wurin da mutum zai zauna ya miƙe ƙafa.

Na je gefen motar na miƙa masa burodi da ɗan kitsen alade a ƙunshe. Ya duƙo ya karɓa, ya sumbaci hannuna. Na riƙe hannun nasa mai yatsu uku, na rage murya.

“Tsakaninka da Allah, me ka ba Kyaftin?”

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi.

“Ba komai, Gwaggo. Ban san shi ba. Ina jin yana zuwa kallo ne a da. Mutane da yawa suna zuwa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ya ɗaga kai ya dubi jama'ar da ke waƙa, ya dubi Pan Dutka da Zenko can baya sun harɗe hannu a ƙirji. Ya ɗan yi murmushi.

“Da ya kama ni, da yanzu kuna coci kuna yi mini addu'a. Zenko ne ma zai riƙe kyandir.”

Na buɗe baki in ƙaryata shi, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba a sansanin nan. Direba ya tayar da mota, aka ɗaga ƙyauren baya aka sa sakata, har suka fita ƙofa ban samo abin faɗi ba.